Hitar Gas a Cikin Tanti: Abin da Ya Wajaba Mai Saye Ya Sani

Duk shekara idan hunturu ya kankama, daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, lokacin da hazo yake lulluɓe gaɓar kogin Kaduna har sanyin asuba ya sauko ƙasa da digiri 15, akwai jama'a masu yawa a Kudenda waɗanda neman halali ya hukunta musu kwana a waje: masu gadin masana'antu da wuraren gini, da direbobin manyan motoci masu jiran lodi, da manoman rani masu tsaron injin ban ruwa a bakin kogi. Mafakar galibinsu ba ta wuce tanti ko rumfar tamfol ba. A da kaskon garwashi suka sani. Amma tun da gas ya yawaita a gari, kuma kayan gwanjo suka shigo da ƙananan hitoci waɗanda Turawa ke tafiya da su yawon daji, sai ga shi ana kawo mini su, ni da sana'ata haɗa kayan gas da gyaransu, ana neman in ɗaura su a tukunyar gas. Abin da nake gaya wa masu zuwa ɗaya bayan ɗaya shi ne na ga ya kamata in rubuta, domin amana ce a wuyana.

Abin da kowa yake tsoro shi ne gobara, kuma tsoron yana da hujja. Mutanen Kaduna ba su manta da fashewar shagon ɗura gas na Sabon Tasha ba, ranar 4 ga Janairu, 2020, wadda a cikin waɗanda ta yi ajalinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Najeriya a lokacin. Alhazai kuwa sun san labarin gobarar Mina ta 1997, wadda aka danganta ta da tukunyar gas ta girki, ta cinye tantuna dubbai, ta halaka mahajjata fiye da 340, har hukumomin Saudiyya suka sauya tantunan da irin waɗanda wuta ba ta ci, suka kuma hana girki da gas a cikinsu. Sai dai kuma, bisa ga abin da na gani a wannan aiki, wanda ya fi saurin kashe mai kwana a tanti shi ne wanda ba a gani, ba a kuma jin warinsa.

Bayanin haka shi ne, kowace wuta tana cin iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, kuma kilo ɗaya na gas ba ya ƙonewa sarai sai ya cinye oksijin ɗin da ke cikin iska mai cika fiye da kubik mita goma sha biyu, alhali kuwa ƙaramin tanti bai kai rabin haka ba. Idan mutum, saboda tsananin sanyi, ya toshe kowace kafa da tsumma da buhu, ya kunna hita, sai oksijin ya yi ta raguwa, wutar ta kasa ƙonewa sosai, ta fara fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin har ninki ɗari biyu da wani abu. Ita ce dai mai kashe iyali gaba ɗaya idan an kwana da janareto ko garwashi a rufaffen ɗaki. Alamominta na farko, wato ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa mai gadi zai ce bari ya ɗan kishingiɗa, ya ƙara jan bargo, alhali fita waje ce maganinsa.

Saboda haka, duk wanda lalura ta sa zai sayi hita, sharaɗi na farko shi ne ya tabbatar maƙeranta sun rubuta a jikinta ko a takardarta cewa an yi ta domin amfani a cikin ɗaki, domin mafi yawan waɗanda ake ɗaurawa kai tsaye a kan tukunya, masu faifai mai jan wuta, na fili ne kurum. Sannan ta kasance tana da na'urar da ke kashe ta da kanta idan oksijin ya sauko wajen kashi 18, da wadda ke tsayar da gas idan hitar ta faɗi ko wutar ta mutu. Wannan ta ƙarshe ana iya jarraba ta a gaban mai sayarwa, a fili: a kunna, a karkata ta, in ba ta mutu nan take ba a bar masa abarsa, komai arharta. Harshen wutar ya zama shuɗi; idan ya yi rawaya yana baƙanta ƙarfe, to ƙonewar ba ta cika ba, kuma ƙurar hunturu kanta tana toshe ƙofofin iskar hita ta jawo haka. Kada kuma a nemi babba. Ƙarama ta wadatar da tanti.

Akwai wata mas'ala da ta keɓanta da mu. Hitocin da ke zuwa daga Amurka an yi su ne domin zallar furofen, a ƙananan gwangwanaye masu ɗaukar kusan giram 450, waɗanda ba a yi su domin a sake ɗurawa ba. Gas ɗin da muke saye a nan kuwa gauraye ne na butan da furofen, kuma bakin tukunyarmu dabam yake. A nan ne ake kuskure mai muni, a kai wa mai walda ya yi dabara, ko a ɗaure tiyon ruwa da roba, ko a cire na'urar tsaron saboda wai tana yawan kashe wuta. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Injiniya, cire mini wannan abin, yana hana ni jin ɗumi." Na ce masa, "Baba, duk lokacin da ya kashe wutar, gaya maka yake yi iskar ɗakin ta ƙare." Ban cire ba, kuma ina roƙon abokan sana'ata kada su cire wa kowa, domin kiyaye rai yana gaba da biyan bukatar mai ciniki.

Tukunya kuwa, mai kilo 3 ce ko 6 ko 12.5, a duba shekarar da aka ƙera ta, domin ƙa'idar hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ita ce kada ta wuce shekara 15 tana aiki. Mazauninta a wajen tanti, a tsaye, da ragileta da tiyon gas na ainihi. Dalili kuwa, gas ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa, daidai inda mai barci ya sa kansa. Warin da ake ji ma ƙara masa aka yi da gangan domin faɗakarwa, kuma hancin mai mura ba abin dogaro ba ne. A shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, in ta yi ƙwai akwai yoyo. Ba a gwaji da ashana.

Ko hitar ta cika dukkan waɗannan sharuɗɗa, ra'ayina, wanda ba na sassautawa a kansa, shi ne kada a yi barci tana ci. A bar kafa buɗe sama da ƙasa, a nisanta ta da tamfol da katifa da jarkar fetur da misalin mita ɗaya, a ɗumama wurin kafin kwanciya, a kashe daga kan tukunya, a sake kunnawa da asuba lokacin alwala. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da kashe wuta kafin barci, bayan wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, kuma dalilin hukuncin yana nan a wutar gas kamar yadda yake a ta itace. Sauran dare kuwa aikin bargo ne da hular sanyi da safa, da kwali ko tabarma biyu a ƙarƙashin shimfiɗa, domin ƙasa ce ta fi zuƙe ɗumin mai kwance. Kuɗin hita ɗaya zai sayi waɗannan duka a Kasuwar Barci har a yi canji. Masu kamfanoni da 'yan kwangila, waɗanda haƙƙin masu gadi yake kansu, su ƙara da ƙararrawar gano kabon monoksaid mai aiki da batir.

In kuwa aka tarar da mutum a tanti ya galabaita, ko mutum biyu sun tashi da ciwon kai iri ɗaya a lokaci ɗaya, a fitar da su sarari nan da nan, a rufe tukunya, kada a tsaya ba su madara ko manja, a garzaya da su asibiti mafi kusa, kamar na Gwamna Awan ko na St. Gerard da ke Kakuri, a kuma gaya wa likita ƙarara cewa da wuta suka kwana, domin ya sa musu oksijin tun kafin ya nemi zazzaɓi.