Kujerar Beljiyam a Tsohuwar Jif: A Leƙa Ƙasa Kafin a Taɓa Soso

A arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, daga Bichi zuwa Tsanyawa da Kunchi, kwalta tana raka mutum bakin gari ne ta sallame shi. Daga nan sai burtali da hanyar gona: rairayi da rani, laka da zaizaya da damina, ga shinge hagu da dama saboda ƙasa ce da ba a bar mata fili babu shuka ba. Shi ya sa tsofaffin jif masu ja da ƙafa huɗu suka ƙi mutuwa a yankin. Har yau ana cin karo da Land Cruiser samfurin 80 da Toyota ta fara fitarwa a 1990, da Pajero ta biyu ta 1991, da Nissan Patrol, jefi-jefi kuma da Land Rover da ta girmi direbanta. Wasu gwanjon gwamnati ne, wasu na ƙungiyoyin agaji, suka faɗo hannun dillalan hatsi masu bin ƙauyuka suna tara wa kasuwar Dawanau kaya, da manoma masu ɗan hali, da masu riƙe da sarauta.

Injin irin waɗannan motoci yana da tsawon rai. Kujera ce ba ta da shi. Rana ta gasa fatar, soso ya narke ya koma gari, wayar ciki ta fara cizon mazaunai, daga ƙarshe majinginin ya saki a tokare shi da jarka ko buhu. Sabuwar kujerar asali kuwa ko an samu, kuɗinta ya fi ƙarfin mai motar. Sai a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa, inda kujerun Beljiyam suke jere: ta Sienna, ta Sharan, ta Camry, har da ta Lexus mai fata da maɓallai. Mai saye ya zauna, ya jingina, ya danna soso da babban yatsa, a yi ciniki. Da wuya ka ga wanda ya kifa kujerar ya dubi ƙafafunta.

Mai wannan rubutu, wanda ɗinkin kujerun mota da ɗaura su ne hanyar abincinsa, ba ya cikin masu cewa a daina canjin. Sau da yawa kujerar motar zamani ta fi ta asalin kyau nesa ba kusa ba: tana da matashin kai, tana tallafe ƙugu, kuma wanda ya taɓa tuƙi daga Kunchi zuwa cikin birni a kan ƙarfe tsirara ya san amfaninta. Inda ake kuskure shi ne ɗaukar kujerar mota kamar kujerar falo, wadda aikinta kawai a zauna. Ita wannan aikinta na gaskiya yana zuwa ne a cikin ƙiftawar ido, ranar da mota ta tsaya cak jikin mutum bai tsaya ba.

Masu ƙera motoci sun san nauyin da ke faɗa mata a wannan lokaci. A dokokin Turai da na Amurka, ba a yarda da kujera sai ta jure jan da ya kai ninki 20 na nauyinta ba tare da ta tsinke daga ƙasa ba. Wajen gwada maɗaurin bel kuma, ana jan ɓangaren ƙugu da na kafaɗa a lokaci guda, kowanne da ƙarfin da ya haura kilo 1,300. A lissafin Dawanau, buhu 13 ke nan na dawa rataye a kowane ɓangare. A yawancin motoci noti huɗu ne kacal suke riƙe da kujerar gaba.

To ga matsalar: da wuya ƙafafun kujerar wata mota su dace da hujin wata. Kowane kamfani da yadda yake lanƙwasa daɓen motarsa, kuma daɓen jif ba shimfiɗaɗɗe ba ne, gefen da ke jikin tudun giya yakan fi ɗaya gefen tsayi. Idan an yi sa'a huji ɗaya ya hau, ko biyu. Sauran fa? A nan ake ganin abin mamaki idan aka ɗaga kafet. Wani ya ɗaure noti biyu ya bar biyu a iska. Wani ya cusa guntun katako ya cike giɓi. Wani ya yanko rodin gini ya ɗiga masa walda sau uku. Wani kuma ya huda daɓen inda ya ga dama, ya zura noti babu komai a bayansa.

Irin wannan na ƙarshen aka taɓa kawo wa marubucin, wata Pajero daga wani ƙauye a ƙasar Bichi. Amalanken shanu ne ya fito daga burtali ba zato, direba ya take birki, ƙafafun kujerar na baya suka fizge daga daɓe, kujerar ta tuntsuro da shi ƙirjinsa ya daki sitiyari. Ba gudu yake yi ba, kuma bai bugi komai ba. Da aka ɗaga kafet sai ga daɓen ya zama kamar an tauna shi: ruwan damina yana kwanciya a wurin, ga takin zamani da ake ɗauka a motar yana zuba, shi kuwa taki yana cin ƙarfe ci na gaske. Mai motar ya ce, "Malam, ai ta daɗe a haka, ko motsi ba ta taɓa yi ba." Aka ce masa, "Ranka ya daɗe Alhaji, ba a taɓa janta da ƙarfi ba ne sai jiya."

Aikin da ya dace ba wani sirri ba ne, haƙuri yake so. Hujin da kamfani ya yi ba a kan falan daɓe yake ba. A ƙarƙashinsa akwai ƙarin ƙarfe mai kauri da noti a manne. Don haka da hujin asali ake amfani duk huɗun. Idan ƙafafun tsohuwar kujerar da layin ƙarfen da take zamewa a kai suna da lafiya, su ake bari a motar, a cire na baƙuwar kujerar, a haɗa su da lafiyayyen ƙarfe mai faɗi, kaurin milimita 5 ko 6, da noti. Idan kuwa dole sai an yi sabon huji, a fara gyara tsatsar, sannan a sa farantin ƙarfe mai faɗin tafin hannu ta ƙasa, a goge kusurwoyinsa kada su yanka daɓen. Notin ma ba kowanne ba. A dubi kansa: wanda aka buga wa 8.8 ko 10.9 shi ne na wannan aiki. Wanda babu lamba a kansa a bar wa masu ƙofa da taga.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Layukan nan biyu kowanne da haƙoransa, kuma dole su kulle tare. Idan aka ɗaura su a karkace, ko ɗaya ya ɗan wuce ɗaya, sai ɓangare guda ya kulle ɗayan yana yawo, direba kuma ba zai sani ba.

Wasu masu walda, da kyakkyawar niyya, sukan ce bari su sauko da ƙarfe har jikin shasi don ya fi ƙarfi. Wannan dabara ce mai cutarwa. A yawancin tsofaffin jif bodi daban yake, shasi daban, robobi ne a tsakaninsu, kowanne yana motsinsa a kan gargada. Kujerar da aka ɗaure wa iyayengiji biyu, ko waldar ta tsage ko daɓen ya yage.

Kafin injin huji ya taɓa daɓe kuma, sai an kwanta an leƙa. Bututun mai da na birki da wayoyi duk ta nan suke bi, tankin mai kuma a yawancin jif yana ƙarƙashin daɓen baya. Tsohuwar Land Rover gajera tankinta a ƙarƙashin kujerar gaba ta dama yake, Defender kuma batirinta a ƙarƙashin ta hagu. Mai kunna wutar walda a irin wannan wuri bai duba ba, da ransa yake wasa da na yaran shagonsa.

Sai maganar bel, wadda ita ce aka fi rainawa. Bel mai ɗamara da rataye, irin wanda kowa ya sani, wani injiniyan Volvo mai suna Nils Bohlin ne ya fito da shi a 1959, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988 ta fara tilasta ɗaura shi daga 1 ga Janairun 2003, ko da yake direbobi da yawa har yanzu sai sun hango jami'anta a titin Katsina ko na Daura suke yafa shi a kafaɗa. Abin lura a wajen canjin kujera shi ne inda makullin bel yake. A tsofaffin motoci da dama a jikin daɓe yake, a na zamani kuwa a jikin kujerar. Idan an yi amfani da na jikin kujera, to wancan lodin buhunan ta ƙafafunta zai bi ya sauka, kuma waldar rodi ba za ta ɗauke shi ba. Sannan harshen bel na wani kamfani yana iya shiga makullin wani ya yi ƙas kamar ya kama, a fizga da ƙarfi ya fita. Harshe da makulli dole su zama 'yan gida ɗaya. Notin bel ma zarensa daban ne da na sauran notukan mota, tura masa wani da ƙarfin tsiya lalata zaren yake yi.

Tsayi ma abin aunawa ne. Kujerar Sienna ko Sharan tana da tudu. A ɗora ta a kan ƙafafun jif sai kan direba ya kusa taɓa rufi, hularsa tana gogar sama, cinyarsa ta matse a ƙarƙashin sitiyari. Ta ƙaramar mota kuma sai ta nutsar da shi, ba ya ganin akuya ko yaro a gaban bonet, a hanyoyin da gidaje da gonaki suke manne da juna. Kafin a ɗaure noti na ƙarshe, mai tuƙa motar da kansa ya zauna: ya take kuloci har ƙasa ba tare da ya zame ba, tsakiyar ƙirjinsa ta fuskanci tsakiyar sitiyari, bel ya kwanta a kan ƙashin ƙugu da tsakiyar kafaɗa, ba a ciki ko wuya ba. Matashin kai kuma, da wasu suke zarewa don rawani ko don na baya su ga hanya, shi ne ke tare wuya idan an buge mota ta baya.

Kujerun Beljiyam na zamani suna zuwa da wani haɗarin da ba a gani. Tun tsakiyar shekarun 1990, lokacin da Volvo ta fara sa jakar iska a gefen kujera, kamfanoni suka bi sahu, wasu kuma suka ƙara da wata na'ura a jikin makullin bel mai fizge shi idan an yi karo. Dukansu da sinadari mai fashewa suke aiki, kuma alamarsu soket ko waya ruwan ɗorawa a ƙarƙashin kujera. A tsohuwar jif babu kwamfutar da za ta ba su umarni, saboda haka ba su da amfanin komai, amma fa da ransu. Yaron shago da ke ɗana wayoyi ɗaya bayan ɗaya a kan batir yana neman wadda ke motsa kujera, idan ya taɓa ruwan ɗorawar nan za ta iya tashi a fuskarsa. Zafin walda ma bai kamata ya matso kusa da su ba. Cire su aikin mai wayarin ne da ya san kansu.

Kujera mai maɓallan lantarki kuwa, a ra'ayin marubucin, ba ta ƙauye ba ce. Ta fi nauyi, ƙura da ruwan fadama suna kashe injinta ta maƙale a inda take, kuma sau da yawa ana jawo mata waya kai tsaye daga batir ta ƙarƙashin kafet babu fiyus, a motar da ba ta rabuwa da jarkar fetur. Wanda ya nace yana so, a sa masa fiyus kusa da batir. Kujera mai hannun ja ta fi sauƙin rai.

Aikin da shagon marubucin yake mayarwa shi ne ƙarin benci a bayan jif. Buƙatar a fili take: ranar kasuwar Ɗambatta, kai amarya, zuwa ta'aziyya, kai mara lafiya asibiti, mota ɗaya ce a unguwa kowa kuma yana son shiga. Amma daɓen can baya siriri ne, tanki na ƙarƙashinsa, babu wurin ɗaura bel, kuma yara aka fi turawa can. Bencin da ke fuskantar gefe ya fi muni, don a karo mutane kan junansu suke zubewa. Land Rover da kanta, wadda ta shahara da irin wannan benci, ta sauya shi da kujeru masu kallon gaba a Defender tun 2007 saboda dokokin Turai. Jif kuma dama doguwa ce. A ƙara mata mutane a baya da buhuna a rufi, sai ta fi saurin kifewa a kwana ko a gefen zaizaya. Buhun da aka jefa a bayan kujera ba a ɗaure ba, shi ma idan an take birki majinginin yake duka.

Bayan an gama aiki, gargada tana sassauta noti, don haka a dawo bayan mako biyu ko uku a sake bi da sifana. Mai motar ma yana iya dubawa da kansa: ya kama saman majingini da hannu biyu ya girgiza gaba da baya da ƙarfi, ya haska tocila ya ƙirga notuka huɗu, ya fizgi bel ya ji ya cije. Tsohuwar kujerar da aka cire kuwa, kada a yi saurin miƙa wa 'yan gwangwan. Soson ya mutu, amma ƙafafun da layukan an auna su ne da daɓen wannan motar, kuma samun irinsu a kasuwa ya fi samun kujerar Lexus wuya.