Neman Littattafan Yara a Maiduguri: Abin da Baƙo Ya Kamata Ya Sani

Littattafan yara da ake samu a Maiduguri, babban birnin Jihar Borno, sun kasu gida uku: na makarantar boko da Turanci, na addini da Larabci, sai na hira da tatsuniya da Hausa ko Barbarci (Kanuri). Kashi biyun farko suna ko'ina. Na ukun shi ne mai wuyar samu, kuma shi ne wanda baƙo mai son kai wa yara tsaraba ya fi buƙatar shiri a kansa.

Mai zuwa ta mota daga Kano yana bi ta Potiskum da Damaturu, tafiyar kusan kilomita 600. Sammako wajibi ne, domin jami'an tsaro kan rufe hanyar Damaturu zuwa Maiduguri da yamma, kuma kwana a bakin shinge hatsari ne. Akwai jirage daga Abuja ga mai hali. A cikin gari an hana hawa babur tun 2011, don haka Keke Napep ce abin hawan kowa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, sai a yi yawon kasuwa da hantsi.

Kasuwar Monday da shagunan da ke kewayen Post Office su ne wuraren fara nema. Kasuwar ta ƙone a Fabrairun 2023, aka sake gina ta, sannan ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta malale tsakiyar gari. Saboda haka masu shaguna da dama sun sauya wuri, kuma kwatancen da aka samu daga wanda ya daɗe bai je ba yana iya ɓatar da mutum. Tambayar direban Keke ta fi. Farkon zangon karatu, musamman watan Satumba, lokaci ne na cunkoso, kuma hankalin masu shago duk yana kan littattafan manhaja.

Wanda ya shiga shago ya ce kawai yana son "littafin yara" yawanci littafin koyon ABCD za a miƙo masa. Gara ya tafi da sunaye a rubuce. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai juzu'i uku, wanda ya fara fitowa a 1937, shi ne kan gaba, kuma labaran da wani aku ke bayarwa a fadar sarki har yau suna riƙe yaro ɗan shekara goma. Ruwan Bagaja, shi ma na Imam, ya fito daga gasar rubutu ta 1933. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya dace da masu son jarumta, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo kuwa na masu son labarin sararin samaniya ne. Ga ƙanana akwai Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Yawancin waɗannan bugun kamfanin ɗab'i na NNPC ne da ke Zariya, don haka mai ratsowa ta Kano ko Zariya zai fi samun kwanciyar hankali idan ya sayo su a hanya.

Bugun jabu ya yi yawa a kasuwannin littattafai na Nijeriya. Ana gane shi da takarda mai shara-shara wadda rubutun baya ke leƙowa, da hotunan da suka dushe suka koma baƙi ƙirin. Ya kamata a buɗe tsakiyar littafin, a bi lambobin shafi, a ja bangon a hankali a ga ko gam ɗin zai saki. Shafukan da suka kumbura ko suke warin danshi alama ce ta ruwa ya taɓa su.

Littattafan Barbarci sun fi ƙaranci, duk da cewa an daidaita ƙa'idar rubutun harshen tun 1975. Wurin tambaya shi ne Jami'ar Maiduguri da ke kan hanyar Bama, inda ake koyar da harshen a sashen harsuna. Da haɗin gwiwar jami'ar ne aka buga ƙamus ɗin Kanuri na Norbert Cyffer da John Hutchison a 1990, a garin Dordrecht na ƙasar Holan. Littattafan koyon karatu da ƙungiyoyin agaji suka raba wa makarantu da sansanonin 'yan gudun hijira na kyauta ne, ba na sayarwa ba, kuma sayen su a kasuwa tauye haƙƙin wani yaro ne. Shafin intanet na African Storybook yana da labarai masu hoto da Hausa da Kanuri, waɗanda ake saukewa kyauta a kai wa mai kwamfuta ya buga.

Littattafan hoto masu kauri na 'yan ƙasa da shekara biyar, irin na zomanya Miffy da Dick Bruna ɗan Holan ya ƙirƙiro a 1955, an fi samun fassararsu ta Turanci a manyan shagunan Abuja da Legas. Mai son irinsu ya taho da abinsa. A jaka kuwa a naɗe littattafai cikin leda saboda ƙurar hunturu, a ajiye su a sama inda za a iya buɗewa da sauri a shingen bincike.