Darasi: Ɓaure da tsuntsayensa

A fadamun Adar akwai iccen ɓaure. Idan ɗiyansa suka nuna, tsuntsaye suna taruwa a kansa.

Cikinsu akwai wani baƙo, rawaya mai baƙin fiffike. Da Faransanci ana ce masa loriyo. A Turai yake ƙyanƙyasa. Da kaka yana ƙetare hamada zuwa kudu, da bazara ya koma gida. A hanya yana neman icce da ruwa. Yana cin ɗiyan ɓaure, yana cin tsutsotsi masu ɓata ganye.

Yana da dangi a nesa, ana kiransu tsuntsayen ɓaure. Wani irinsu a tsibiri guda kaɗai yake zaune, Wetar, cikin ƙasar Indunusiya. Idan dajin nan ya ƙare, ba shi da wurin zuwa.

Tsuntsu ya ci ɓaure, ya yi kashi a wani wuri, ƙwayar ta tsiro. Ashe tsuntsu ma manomi ne.

Fari na 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa a Adar. Gatari ya ƙara ɓarna. A 1984 aka fara aikin raya karkara na Keita, maza da mata suka dasa itatuwa. A 2005 tabkin Tabalak ya shiga jerin wuraren ruwa da duniya ke kiyayewa.

Manomi ya bar ɓauren gonarsa. Yara su daina harbin tsuntsaye da danƙo.

Tambayoyi
1. Me tsuntsun nan yake ci?
2. Ɓaure nawa suka rage a garin?