Dodannin Silima da Dodannin Gida

 A wannan fitowa ta mujallarmu ina so in yi bayani a kan wata al'ada da ta yi ƙarfi a Amurka da Turai da Japan, watau tara 'yan mutum-mutumin roba na dodannin silima da na taurarin da mutum ya sani tun yana yaro. Wanda ya ji haka zai ce aikin banza ne, ina babba ina kayan wasa? To, amma ni ina ganin akwai darasi a ciki wanda ya shafe mu, mu mutanen Ba'awa da sauran ƙasar Kiru, da maƙwabtanmu na Bebeji da Tudun Wada da Doguwa. Darasin kuwa shi ne, abin da yara ke wasa da shi tarihi ne, in ba a adana shi ba sai ya salwanta ba wanda ya lura.

Asalin dodannin silima

A shekarar 1931 wani kamfanin shirya fim na Amurka mai suna Universal ya fitar da finafinai biyu da suka razana 'yan kallo. Na farko shi ne Dracula, labarin wani irin maye mai shan jinin mutane da dare. Na biyu Frankenstein, labarin wani masani da ya harhaɗa sassan gawarwaki ya yi wata ƙatuwar halitta, daga baya abin ya fi ƙarfinsa. Duka biyun daga littattafai aka ɗauko su. Mary Shelley ce ta wallafa Frankenstein a 1818, Bram Stoker kuma ya wallafa Dracula a 1897.

A 1933 sai ga King Kong, labarin wani shirgegen gwaggon biri da aka kamo daga tsibiri aka kai birnin New York, ya ƙwace ya haye kan dogon bene. Abin mamaki, birin nan da ake gani a majigi kamar tsauni, ɗan mutum-mutumi ne da tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da 'yan kai ba. Ƙasusuwansa na ƙarfe ne, aka lulluɓe su da roba da gashin zomo. Wani gwani mai suna Willis O'Brien da mataimakansa su ne ke motsa shi. Sai su ɗan matsa hannunsa su ɗauki hoto, su ƙara matsawa su sake ɗauka. Da aka jera hotunan aka sake su da sauri, sai ido ya ga kamar biri ne mai rai.

Japanawa kuma suka fito da nasu a 1954, watau Godzilla, wanda kamfanin Toho ya shirya. Shi wani ƙaton ƙadangare ne da gwajin bom ya taso daga ƙarƙashin teku, ya afka wa birnin Tokyo. Mutum ne aka sa cikin rigar roba mai nauyi yana tattake 'yan gidajen da aka ƙera ƙanana. Amma mutanen Japan ba su ɗauke shi abin dariya ba, domin shekara tara ke nan kacal da jefa bom a Hiroshima da Nagasaki a 1945. Kun ga ashe dodo ma yana da tarihi. Kowace al'umma da irin abin da take tsoro take ƙera dodonta.

Yadda suka koma kayan wasa

Wajen ƙarshen shekarun 1950 aka shiga nuna tsofaffin finafinan Universal a talabijin a Amurka, yara suka kamu da son su. Ganin haka, a 1961 wani kamfani mai suna Aurora ya fara sayar da Frankenstein na roba, gunduwa-gunduwa cikin kwali, yaro ya harhaɗa da gam ya shafa fenti da kansa. Ciniki ya kankama, aka bi da Dracula da sauransu. A 1964 kamfanin Hasbro ya fito da wani sojan roba mai suna G.I. Joe, tsawonsa kamar ƙafa ɗaya, gaɓoɓinsa duk suna motsi. Masu kamfanin suka ƙi kiransa 'yar tsana, don sun san yara maza ba za su saya ba, suka laƙaba masa sabon suna mai nufin mutum-mutumin gwagwarmaya. Bayan fim ɗin Star Wars na 1977, kamfanin Kenner ya yi ƙananan da ba su kai inci 4 ba, aka sayar da miliyoyi.

Yaran wancan zamani suka girma, suka yi furfura. Yawancin kayan wasansu sun karye ko an zubar. Sai begen ƙuruciya ya sa suka koma neman 'yan kaɗan da suka tsira, daga nan farashi ya tashi. A 2009 an yi gwanjon wani ƙashin ƙarfe na King Kong a Landan, kuɗinsa ya haura fam 100,000. A 2024 kuwa wani ɗan mutum-mutumi na Star Wars mai suna Boba Fett, irin na gwaji wanda ba a taɓa kai shi kasuwa ba, ya haura dala miliyan 1.

Masu wannan harka suna duba abu uku kafin su sa kuɗi. Suna duba ƙarancin abin, da lafiyarsa, watau ko ya karye ko ya koɗe ko yana nan cikin kwalinsa, sa'an nan da tabbacin asalinsa. Galibi akan buga sunan kamfani da shekara a tafin ƙafar mutum-mutumin ko a bayansa. Ina da ɗan Godzilla guda da na tsinta cikin kayan gwanjo a kasuwar Kwanar Ɗangora, na juya ƙafarsa ban ga komai ba sai sunan ƙasar Sin. Irinsu ne suka cika kasuwanninmu, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Saboda haka kada wani ya ji zancen miliyoyi ya kwashi kuɗin littafi ya tafi Sabon Gari neman arziki.

Mu ma muna da namu

Tun kafin a gina silimar Rex ko Plaza a Kano, tun kafin motar majigi ta fara zagaya ƙauyuka, Bahaushe yana da Dodonsa. Shi ne mai cin mutane a tatsuniya, mai tare hanyar rafi, mai auren yarinyar da ta ƙi jin maganar iyaye. Muna da Gizo sarkin wayo da matarsa Ƙoƙi, da Botorami, da Kura mai kwaɗayi. A watan azumi kuma, in an sha ruwa goma, sai 'yan tashe su fito da Macukule da Jatau Mai Magani da Tsoho da Gemu, kowa da shigarsa, wani da gemun auduga, wani da tsummoki da ƙunshin saiwoyi. In aka zo kan taurarin da iyayenmu ke bege, ai ga Samanja, watau Usman Baba Pategi wanda ya rasu a 2023, ga kuma Rabilu Musa Ibro wanda ya rasu a 2014.

Kayan wasa ma ba a bar mu a baya ba, sai dai mu da hannunmu muke yi. Bayan girbin dawa yara kan feƙe ɓawon kara, su yanyanka cikinsa mai laushi, su sossoke su tada mota ko jirgin sama ko tabarau. Da damina a kwaɓa yumɓu a gina sa da tozonsa da ƙahoninsa, ko doki da mahayinsa. 'Yan mata kan sami ƙashin ƙafar rago ko guntun kara, su yi masa kitso da zare, su ɗaura masa ƙyalle, ya zama 'yar tsana, har a yi mata biki. Ga motar gwangwani da ta langa-langa mai tayar tsohon silifa.

Labarun dai an yi sa'a an rubuta da yawa. Wani Bature mai suna Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tara wasu domin 'yan makaranta a farkon shekarun 1970. Amma aikin hannun yara fa? Ku tambayi kowane dattijo a Ba'awa ya nuna muku motar karan da ya yi yana yaro. Zai kwatanta muku ita da baki har da yawan tayoyinta, amma ba zai iya ɗauko ta ba. Gara ta cinye kara, ruwa ya narkar da laka. Da can wannan ba asara ba ce sosai, gama kowace kaka sababbin yara za su koya daga yayyensu su sake yi. Yanzu kuwa kayan roba masu araha da wayar hannu sun shiga tsakani. Na zagaya ajinmu ina tambaya, waɗanda suka ce za su iya haɗa motar kara daga farko har ƙarshe ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. In aka rasa mai koyarwa kuma aka rasa samfur, to, an rasa sana'ar ke nan gaba ɗaya.

Don mu san ƙarfin laka in an kula da ita, mu dubi kudu da mu, ƙasar Nok a Jihar Kaduna. A 1943 aka kai wa wani jami'i mai suna Bernard Fagg wani kan mutum na gasasshiyar laka a Jos. A wurin haƙar kuza aka tono shi, irin haƙar da aka sani a Riruwai ta ƙasar Doguwa, kuma wanda ya same shi har ya kafa shi a gonar doya don korar dabbobi. Bincike ya nuna irin waɗannan sassaƙe-sassaƙe sun haura shekara 2,000. Su ba kayan wasa ba ne, amma sun koya mana cewa bambancin lakar da ke narkewa a damina ɗaya da wadda ke shekara dubbai shi ne wuta.

Yadda za mu tara namu

Ga hanyar da nake bi, wadda ba ta cin ko kwabo.

Da farko, a nemi wanda ya iya. Kowace unguwa ba ta rasa wani kawu ko wata gwaggo da hannunsu bai manta ba. A roƙe su su yi guda biyu, ɗaya a ajiye, ɗaya a kwance a koyi yadda aka haɗa.

Na biyu, abin laka a bar shi ya bushe sarai a inuwa, kamar mako guda, sa'an nan a roƙi maginan tukwane su sa shi cikin nasu ranar gashi. Kada a yi shi da kauri ainun, don mai kauri yakan fashe a wuta.

Na uku, abin kara a raba shi da ƙasa da jikin bango. A sa shi cikin kwali a kan kanta, a zuba busasshen ganyen darbejiya, a riƙa dubawa musamman da damina. Na roba kuma maƙiyinsa rana ce, tana koɗar da launinsa ta sa ya yi ƙamas ya karye.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne rubutu. Kowane abu a ba shi lamba, a sami littafi a rubuta sunansa, da garin da aka yi shi, da shekara, da abin da aka yi shi da shi, da wasan da ake yi da shi. In Dodo ne ko Gizo aka siffanta, a rubuta tatsuniyar yadda mai bayarwa ya faɗe ta. Da haka gidajen tarihi irin Gidan Makama na Kano suke aiki. Abu ba bayani, tarkace ne.

A nan za ku ga wani abin sha'awa. Godzilla kamanninsa sananne ne ko'ina a duniya, domin kamfani ne ya tsara shi. Dodonmu kuwa ba wanda ya taɓa tsayar masa da kama. Na sa ƙannena uku kowa ya gina Dodo da yumɓu. Ɗaya ya yi masa gashi har ƙasa, ɗaya ya yi masa ƙaton ciki da baki har kunne, na ukun ya sa masa wutsiya. In da za a tara na yaran Kiru da na Bebeji da na bakin dajin Falgore a jera, da an ga yadda tunanin kowane yanki yake.

Kira ga iyaye

Na san wasu iyaye za su yi ɗari-ɗari, su ce ajiye siffar abu mai rai a ɗaki ba tarbiyyarmu ba ce. Damuwarsu abar girmamawa ce. Sananne ne a littattafan hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su, kuma malamai sun yi bayani a kan bambancin kayan wasan yara da gumaka. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba sai ya tambayi malaminsa. Ko an ajiye masu siffar rai a gefe, ai ga motoci da jirage da tabarau da 'yan tukwanen wasa, da ganga da kayan shigar tashe, sun isa a cika kanta.

Abin da muke roƙo wurin iyaye kaɗan ne. In ana shara kada a haɗa da kwalin nan. In mun zo da tambaya a ba mu lokaci, a nuna mana yadda ake feƙe kara ba tare da an yanke yatsa ba. Ga hukumar makaranta kuma ina ba da shawara a ware kanta ɗaya a ɗakin karatu, kowane aji ya kawo abu biyar da bayaninsu kafin hutun ƙarshen shekara. Ga kaka tana tafe, kara zai wadata a kowace gona. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma waɗanda suka iya aikin nan tsufa suke yi kullum. Allah Ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada, amin.