Mene ne DSL? Yadda tsohuwar wayar tarho ta koyi ɗaukar intanet, da abin dubawa kafin ka sayi rauta ta hannu

Darasin yau asara ce ta haife shi. Lokacin da na fara koyon rubuta manhaja, na gaji da kunna hotspot wayata tana zafi kamar dutsen guga, sai na shiga kasuwar waya na sayo rauta ta hannu, irin waɗanda ake kawowa daga Turai. Tana da eriya biyu, ga ta fes, ga araha. Da na isa gida na juya ta gaba da baya ina neman wajen sa sim, babu. Abin da na gani shi ne kafofi huɗu masu faɗi, da wata 'yar ƙarama a gefe an rubuta DSL a ƙasanta. Mai shago ya ce shi dai ya sayar, kuma ai tana kawo wuta. Gaskiyarsa, tana kawo wuta. Intanet ce ba ta kawowa, domin an ƙera ta ne don layin da babu shi a unguwarmu.

DSL gajarta ce ta Digital Subscriber Line. A taƙaice, dabara ce ta tura intanet mai sauri ta cikin wayar tarhon gida, wato siraran silin jan ƙarfe guda biyu da aka murɗe da juna, waɗanda suke tasowa daga cibiyar kamfanin tarho har cikin ɗakin mutum. Wannan silin ne ma ya ba wayar da ke hannunka suna, ko da yake ita ba ta da sili ko ɗaya.

Filin da aka bari ba a nomawa

Sauti da sigina duk kaɗawa ce, kuma ana auna yawan kaɗawar a daƙiƙa ɗaya da ma'aunin hertz. Muryar mutum a tarho tana amfani da tsakanin hertz 300 zuwa 3,400 ne kawai. Modem ɗin farko-farko, masu kukan nan idan za su haɗu, a cikin wannan ɗan tsukin suke cusa bayanai, shi ya sa ba su wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, kuma muddin kana kan intanet ba mai iya kiran gidanku.

Amma shi silin jan ƙarfen yana iya ɗaukar kaɗawa fiye da miliyan ɗaya a daƙiƙa. Kamar mutum ne da gona mai eka ɗari yana noma kunya ɗaya a bakin hanya. DSL sai ta bar wa murya kunyarta, ta shiga sauran filin. A tsarin ADSL na farko, daga kusan kilohertz 25 zuwa 138 na ɗora bayanai ne daga gidanka zuwa waje, daga 138 zuwa 1,104 kuma na saukewa ne. Domin kada su cakuɗe, ana sa wata 'yar na'ura mai aikin rariya a bakin soket: ƙananan kaɗawa su tafi tarho, manya su tafi modem. A can ɓangaren kamfani kuma akwai na'urar da ake kira DSLAM, wadda take tattara layukan gidaje masu yawa ta haɗa su da babbar hanyar intanet.

Za ka lura filin saukewa ya ninka na ɗorawa nesa ba kusa ba. Da gangan ne, kuma harafin A da ke farkon ADSL wannan rashin daidaiton yake nufi. Wani injiniya a cibiyar bincike ta Bellcore da ke Amurka, Joseph Lechleider, shi ya nuna a ƙarshen shekarun 1980 cewa idan aka rage abin da gidaje suke turowa, za a rage kutsen da layuka suke yi wa juna, a sami damar turo musu da yawa. A lokacin kamfanonin tarho fina-finai suke son sayarwa ta layin, ba intanet ba. Ba wanda ya hango ranar da kowa zai riƙa ɗora bidiyonsa a TikTok.

Bari mu yi lissafi da abin da muka saba. Megabit 8 shi ne megabait 1. Fim mai gigabait 1 a layi mai megabit 8 zai sauka cikin kusan minti 17. Ɗora wannan fim ɗin a layin da ɗorawarsa megabit 1 ce kuwa zai ci sama da awa biyu.

'Yan dako 256

Nan ne wajen da ya fi burge ni, don haka zan ɗan daɗe.

Silin tarho ba hanya ce mai santsi ba. Wani yanki na kaɗawar yana wucewa lafiya, wani yankin hayaniya ta cika shi. Da a ce an tura bayanai dunƙule guda, hayaniya a wuri ɗaya za ta ɓata duka. Dabarar da ta yi nasara ita ce wadda John Cioffi na Jami'ar Stanford da kamfaninsa Amati suka gabatar, ta kuma doke sauran a gwajin da Bellcore ta shirya a 1993. Sunanta DMT. Ana yanka filin gida 256, kowane gida faɗinsa kilohertz 4.3125.

Ka ɗauka kana da buhuna a tasha da 'yan dako 256. Kafin ka ɗora wa kowa kaya sai ka gwada ƙarfinsa. Ƙaƙƙarfa ka ba shi da yawa, mai rauni ka ba shi kaɗan, wanda ba shi da lafiya ka ce ya zauna. Haka modem take yi a 'yan daƙiƙun da fitilar DSL take ƙiftawa bayan an kunna ta. Tana auna kowane gida, ta ga yadda sigina ta fi hayaniya ƙarfi a cikinsa, sannan ta ba shi daga bit 0 har zuwa bit 15 a kowace tafiya. Ana yin tafiya 4,000 a daƙiƙa. Ke nan gida ɗaya mai cikakkiyar lafiya yana ɗaukar kilobit 60, kusan daidai da tsohuwar modem guda. ADSL tamkar tsofaffin modem sama da ɗari biyu ce suna aiki tare a kan sili ɗaya. Idan hayaniya ta taso wa wani gida ana cikin aiki, sai a rage masa kaya a ƙara wa maƙwabcinsa ba tare da layin ya yanke ba.

Daga ina hayaniyar take zuwa? Tashoshin rediyo na matsakaicin zango suna watsa shiri a kan kaɗawar da ta faɗo cikin filin ADSL, kuma silin tarho mai tsawon kilomitoci eriya ce babba. Da dare siginar waɗannan tashoshi tana tafiya nesa, don haka wasu layukan sukan fi samun matsala bayan magariba. Akwai kuma ruwan da ke shiga mahaɗar sili, tsatsa, da lalatacciyar caja. A 2020 injiniyoyin Openreach a Birtaniya sun gano abin da ya yi wata 18 yana kashe intanet ɗin wani ƙauye mai suna Aberhosan a yankin Wales kullum ƙarfe 7 na safe. Tsohuwar talabijin ce a wani gida. Da zarar mai ita ya kunna, sai ta saki hayaniyar lantarki da take rikita layukan ƙauyen.

Saboda wannan auna-kafin-ɗorawa, ADSL tana da naci. A 2017 wani injiniya a kamfanin intanet na Andrews & Arnold, shi ma a Birtaniya, ya jiƙa igiya mai tsawon mita 2 da ruwan gishiri ya haɗa ADSL ta cikinta don wasa. Ta kawo megabit 3.5.

Nisa shi ne babban abokin gaba

Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta amince da ADSL a 1999 da saurin da ya kai megabit 8. ADSL2 ta zo a 2002 da megabit 12, ADSL2+ a 2003 ta ninka filin zuwa megahertz 2.2 da gidaje 512, ta kai megabit 24. VDSL2 ta 2006 ta haura megahertz 17 har 30, ta taɓa megabit 100. G.fast ta 2014 ta tafi megahertz 106, ana maganar gigabit guda.

Duk waɗannan lambobin "har zuwa" ne. Sigina tana raunana yayin da take tafiya a cikin jan ƙarfe, kuma manyan kaɗawa su suke fara mutuwa. Wanda gidansa yake jikin cibiyar tarho zai ga abin da ya kusa megabit 24 a ADSL2+. Wanda yake kilomita 5 zai yi godiya idan ya ga 1 ko 2, alhali kuɗin wata ɗaya suke biya. VDSL2 tana nuna ƙarfinta ne a 'yan ɗaruruwan mitoci, G.fast kuwa gigabit ɗinta sai a ƙasa da mita 100.

To me kamfanoni suka yi? Sun gajarta jan ƙarfen. Sai su ja faiba, wato zaren gilashi mai tafiya da haske, har zuwa wani akwati a bakin titi, su sa DSLAM a ciki, jan ƙarfe ya ƙarasa ragowar mitocin zuwa gida. Korayen akwatunan da ke titunan Birtaniya ke nan, inda ake sayar da layi mai megabit 80 na saukewa da 20 na ɗorawa. A nan zan faɗi ra'ayina: shekaru da yawa an tallata wannan da sunan faiba, alhali jelarsa jan ƙarfe ce, kuma ni ban ga adalci a wannan sunan ba.

Sauran matsalar ita ce kutsen maƙwabta. Layuka da yawa suna kwance a cikin kebul ɗaya, siginar wannan tana tsallakawa cikin wancan. Maganin da aka fitar a 2010, mai suna vectoring, yana aiki kamar iyafis ɗin nan masu kashe hayaniya. Tunda DSLAM ita ke tura wa kowa, ta san irin kutsen da layin Audu zai yi wa na Bala, sai ta haɗa kishiyarsa tun kafin ta tura, su kashe juna a hanya. Jamus ta rungumi wannan sosai, har Deutsche Telekom take sayar da megabit 250 a kan tsohon sili.

Me ya sa ba mu san ta ba?

DSL ba ta shimfiɗa sabon layi, wanda yake ƙasa take hawa. Amfaninta duka shi ne ƙasashen da kusan kowane gida yake da tarho ba sai sun sake tona titi ba. A Najeriya kuwa, kafin zuwan GSM a 2001, layukan NITEL da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. Babu silin da za a hau. Muka tsallake kai tsaye zuwa wayar salula, yanzu kuma faiba da Starlink suna shigowa. Su ma masu silin sun fara naɗe shi. Birtaniya ta sa watan Janairun 2027 a matsayin lokacin rufe tsohon tsarin tarhonta, tana mayar da gidaje kan faiba. Kowane gida da ya canza, rautarsa ta zama kayan gwanjo, kuma ka san inda kayan gwanjo suke sauka.

Amma dabarar tana cikin aljihunka. 4G da Wi-Fi suna amfani da OFDM, 'yar'uwar DMT ta jini. A 4G tazarar kowane gida kilohertz 15 ce, kuma wayarka tana faɗa wa eriyar kamfani ingancin siginar da take samu domin a san nauyin da za a ɗora mata. Shi ya sa kana iya ganin sanduna cike amma bidiyo yana tsayawa: sandunan ƙarfin sigina suke nunawa, ba su faɗa maka yawan hayaniya ba. Bambanci ɗaya shi ne mai DSL silinsa nasa ne shi kaɗai har zuwa DSLAM, kai kuwa kana raba eriya ɗaya da duk unguwa, don haka da kowa ya dawo gida da dare sai rabonka ya ragu.

Idan ka tsaya gaban mai sayar da rauta

Juya bayanta kafin ka taya. Kafar DSL ƙarama ce, irin ta tarho, kan kebul ɗin kwamfuta ba zai shiga ba. Sunan samfurin ma yakan tona asiri: na D-Link da suka fara da DSL, da na TP-Link da suka fara da TD ko Archer VR, duk na layin tarho ne. Idan sim kake son sawa, nemi ramin sim ka gan shi da idonka, ka ga an rubuta 4G ko LTE. Idan faiba ko Starlink gare ka kana son faɗaɗa Wi-Fi, nemi kafa mai faɗi da aka rubuta WAN. Wasu masu DSL ɗin suna da ita, wasu ba su da ita. Ka yi hattara kuma da waɗanda suke ɗauke da tambarin kamfanin intanet na waje, domin wasunsu an taƙaita saitinsu.

Idan kuma ka riga ka saya kamar ni, kada ka jefar. Haɗa ta da kwamfuta ko waya, ka shiga shafin saitinta da adireshin da ke rubuce a ƙasanta, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. Canza adireshin nata zuwa wanda yake cikin jerin babbar rautarka amma ba kowa a kansa, sannan ka kashe DHCP, ka sa sabon suna da kalmar sirri ta Wi-Fi. Daga nan ka jawo kebul daga babbar rautar ka soka a ɗaya daga cikin kafofin LAN. Fitilar DSL ba za ta taɓa kamawa ba, kada ta dame ka. Tawa tana maƙale a zaure tun lokacin, ita take ba ƙannena Wi-Fi.