Guzurin Ɗan Ci-rani: Shawarwari Bakwai Kan Koyon Yaren Masauki

Da an kai gero da dawa rumbu, sai samarin Ɗambatta da Bichi da Makoɗa da Tsanyawa su fara ɗaure kaya. Gonar gado ta yi wa gida kaɗan, dole a fita nema: wasu Legas, wasu Ibadan ko Fatakwal, wasu har Libiya. Akan haɗa wa yaro kuɗin mota da addu'a, amma ba kasafai ake tambayar da wane baki zai yi ciniki a can ba. Ga abin da ya kamata kowane gida ya lura da shi.

1. A fara koyo tun daga gida. Da wuya a rasa wanda ya yi shekaru a Kudu a unguwa. Maigida ya tura yaron wurinsa da daddare ya koyi gaisuwa da ƙirgen kuɗi da tambayar hanya. Yarbawa na girmama gaisuwa kamar mu, wanda ya gaida dattijuwa da yarenta ya sami uwa a kasuwa.

2. A san yaren da ake bukata. A Legas da Ibadan, Yarbanci da buroka ne. A Fatakwal buroka ta wadatar da farko. Mai zuwa Kwatano ko Abijan zai sha karo da Faransanci. Larabcin makarantar allo kuma daban yake da na titin Jidda ko Sabha, kada mai sauka ya ɗauka ya gama.

3. Kada zango ya zama kurkuku. A Sabon Ibadan ko Agege, mutum zai iya shekara goma bai yi wata magana ba sai Hausa. Daɗin zama ke nan, amma dillali ne zai riƙa yanka masa farashi, ya ci rabin guminsa. Ya riƙa zama da abokan ciniki yana tambaya, matambayi ba ya ɓata.

4. A haddace kalmomin ranar wuya: na ciwo, na neman taimako, na ba da haƙuri. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a 2021, wanda ya ci rayuka da rumfuna, daga cacar baki ya faro. Wanda ke jin abin da ake faɗa a kansa yakan san lokacin rarrashi da lokacin barin wuri.

5. Kada a dangwala hannu a takardar da ba a fahimta ba. Ko a kotu ma, tsarin mulkin ƙasarmu na 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma damar samun tafinta kyauta idan ba ya jin yaren da ake shari'ar da shi. Ya nema, haƙƙinsa ne.

6. Kada a bar mata a baya. Idan an kai amarya can, uwa ta ja kunnen ɗanta ya bar ta ta koyi yaren maƙwabta. Ita ce mai zuwa awo da kai yara rigakafi, ranar naƙuda kuwa ba lallai yana gida ba.

7. A riƙe Hausa a cikin gida. Koyon yaren wasu ba ya rage addini ko asali. Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa. Sai dai yaran da aka haifa a can a riƙa yi musu Hausa, a kawo su gida hutu, don kada su zo gaida kaka a nemi tafinta.

Yaron da zai tafi bana, tun yau a fara tambayarsa me ya iya faɗa da yaren garin da ya nufa.