Waldar Bututu Da Jarrabawarta: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu na ƙasashen Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi. Sau da yawa uba ya kan kawo ɗansa ƙofar hakimi, ya ce yaron ya yi shekaru a wurin mai walda, yana so a ba shi takardar shaida ya tafi neman aikin bututu a Kaduna ko a kudu. Wani ya sayar da akuya, wani ya jinginar da gona domin kuɗin mota da na jarrabawa. Idan yaron ya je ya faɗi, hasarar a kan gidan ta ke komawa. Hakimin da ya san abin da a ke dubawa a wannan jarrabawa shi zai iya faɗa wa uban gaskiya tun kuɗin ba su fita ba.

Walda iri biyu ce

A bakin tasha a Ƙaura, da kasuwar Shinkafi, da cikin garin Zurmi, ba a rasa masu walda. Su ke yin ƙofofi da tagogi da gadaje, su gyara amalanke da garmar shanu, su haɗa ƙafafun tankin ruwa. Sana'a ce mai albarka, ta kuma ɗauki samari da yawa waɗanda rashin zaman lafiya ya raba su da gonakinsu. Amma ƙofa, in waldarta ta yi rauni, ɓallewa za ta yi a sake liƙa ta. Bututun da ke ɗauke da gas ko fetur ko tururi kuwa, abin da ke cikinsa tunkuɗar bango ya ke yi dare da rana. Kafa kamar tsinin allura ta isa ta jawo gobara.

Saboda haka mai waldar ƙofa fuskar aiki ya ke gyarawa, wadda ido ke gani. Mai waldar bututu tilas ne ya narkar da ƙarfe har ya ratsa zuwa ciki, inda ba ya gani, ba ya kuma iya kai hannu. Wannan ɗinki na ciki shi ne jigon jarrabawar duka, a kansa kuma yawancin masu faɗuwa su ke faɗuwa.

Aikin ba ya nesa da wannan ƙasa kamar yadda a ke zato. An buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, an kuma shimfiɗa bututun mai daga can ya bi ta Zariya ya kai defo na Gusau. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40. Irin wannan bututu guntu-guntu a ke kawo shi, kowace gaɓa kuwa sai an yi mata walda an duba ta.

Takardun shaida

A nan mutane su ka fi ruɗewa, domin takardun ba ɗaya ba ne. Akwai jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai matakai uku. Mataki na uku shi ne na ƙasa, daga shi sai na biyu, na ɗaya shi ne ƙoli. Malami ya lura da wannan jeri, don kada ya ga an rubuta uku ya zaci ya fi ɗaya. Akwai kuma hukumar NABTEB, wadda hedkwatarta ke Benin, mai jarraba ɗaliban makarantun koyon sana'a a fannin ƙira da walda. Tana da jarrabawar 'yan makaranta, tana da ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara. Wanda ke son ilmi mai zurfi kuwa, ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ga kuma Cibiyar Horon Aikin Man Fetur a Effurun kusa da Warri.

Waɗannan takardu duk suna da daraja, su kan buɗe ƙofar a saurari mutum. Amma kamfanin da ke aikin bututu ba ya miƙa wa mutum sanda don takarda kaɗai. Sai ya zaunar da shi ya jarraba hannunsa bisa ƙa'idodin da duniya ta amince da su. Biyu daga cikinsu daga Amurka su ka fito: ƙa'idar ASME sashe na 9, wadda a ke bi a matatu da masana'antu, da API 1104, wadda a ke bi a dogon bututun da ke ratsa daji. Akwai kuma ISO 9606, wadda kamfanonin Turai su ka fi bi.

Zaman bututu

A kan ambaci jarrabawa da yadda aka ajiye bututun. In an ce 1G, bututu a kwance ya ke ana jujjuya shi, mai walda yana aiki daga sama kawai. Wannan shi ne mafi sauƙi. A 2G bututu a tsaye ya ke, ɗinki ya zagaye shi kamar ɗamara. A 5G yana kwance amma an kafe shi, sai mutum ya bi shi da jikinsa, daga ƙarƙashi ya hau gefe ya kai sama. A 6G an kafe shi a karkace, digiri 45, yadda babu inci ɗaya da ya yi kama da na gabansa, narkakken ƙarfe kuma kullum yana neman zubewa gefe guda. Wanda ya ci 6G an yarda masa ya yi walda a kowane zama. Shi ya sa kamfanoni su ke tambayarta, shi ya sa kuma samari su ke ɗokinta tun ba su isa ba.

Yadda a ke koyo

Ba a fara koyo da bututu. A kan faranti na ƙarfe a ke farawa, a shimfiɗe, sa'an nan a tsaye, sa'an nan bisa kai, har hannu ya daina rawa. Yaron da bai iya ratsa faranti biyu da aka bar wa tazara ba, ɓarnar bututu kawai zai yi, bututu kuwa da tsada.

Sa'an nan sai sanda. Wadda masu waldar gari su ka saba da ita ita ce E6013, mai laushin hannu da kyan fuska, amma ba ta nitsewa sosai. A aikin bututu a kan yi ɗinkin ciki da E6010, mai kaifin wuta, a cike da E7018. Lambobin nan ba ado ba ne: biyun farko ƙarfin jan ƙarfen su ke nunawa, watau fam dubu 60 ko dubu 70 a kowane inci murabba'i, 1 da ke biye kuwa alama ce ta sandar na aiki a kowane zama. E7018 ba ta shiri da danshi. In ta sha iskar damina sai ta haifar da ramuka, wani lokaci har tsagewa a cikin ɗinki, don haka a ke ajiye ta cikin tanda mai zafin kimanin digiri 120.

Ga wani abu da ke kayar da yaran wannan ƙasa ba tare da laifinsu ba. Injin waldar haɗin gida, wanda a ke naɗawa da waya, wuta mai kai da komo ya ke bayarwa, wadda a ke kira AC. Sandar E6010 kuwa wuta miƙaƙƙiya ta ke so, watau DC. Yaro ya kan yi shekara biyar yana walda bai taɓa riƙe wannan sanda ba, sai ran jarrabawa. Inda babu injin DC, E6011 ita ce ta fi kusa da ita, da ita za a fara sabawa. Amma lalle ne kafin jarrabawa ya sami makonni a kan irin injin da za a jarraba shi da shi.

Shirin baki shi ne rabin aiki. A kan ɗauki guntayen bututu biyu, sau da yawa mai faɗin inci 6 da kauri wajen milimita 11. A fiƙe bakin kowanne a karkace, digiri 30 zuwa 37 da rabi gwargwadon ƙa'idar da a ke bi, a bar ɗan tudu a ƙarshen baki kamar milimita 2, kada ya zama kaifin wuƙa. A goge tsatsa da mai da fenti har ƙarfe ya yi fari. A haɗa su da tazarar milimita 2 da rabi zuwa 3, a ɗiɗɗiga walda wuri huɗu don ta riƙe, a gurje bakin kowane ɗigo ya yi siriri yadda ɗinki zai hau shi ba tare da tuntuɓe ba. In baki ɗaya ya fi ɗan'uwansa tudu, ko tazara ta yi faɗi nan ta ƙuntata can, to, gwanin duniya ma zai sha wuya.

A kan ɗauki bututu tamkar fuskar agogo. A aikin matatu daga ƙarfe 6 a ke farawa, watau ƙarƙashi, a hau zuwa ƙarfe 12, sa'an nan a koma a hau ta ɗaya gefen. Masu dogon bututun daji su kan sauko ne daga sama zuwa ƙasa don sauri. Hannun biyu daban ne, yaro ya tambayi wanne za a nema gare shi.

Yayin ɗinkin ciki, gaban narkakken ƙarfe wata 'yar kafa ta kan buɗe, mai kama da ramin makulli. Ita mai walda ke kiwo. Muddin tana nan daidai girmanta, wuta tana ratsawa. In ta rufe, ɗinki bisa ya ke hawa, ciki ya zauna a buɗe. In ta yi faɗi, ƙarfe zai ɓurme ya zuba ciki. Gwanaye har da kunne su ke aiki, domin ƙarar wutar ta kan koma cikin bututu in tana ratsawa. Da sanda mai kaurin milimita 3.2 ƙarfin wuta ya kan kasance tsakanin amfiya 70 da 90, amma inji da tazara su ke yanke magana, don haka a kan gwada bisa wani guntun ƙarfe tukuna.

Bayan wannan sauran ya fi sauƙin bayani. A kankare kashin walda, ɗan'uwan kashin maƙera, a gurje, a bi da ɗinki na biyu mai zafi don ya ƙone abin da ya maƙale. A cike da E7018 hawa-hawa, sanda kusa da ƙarfe, ana dakatawa kaɗan a kowane gefe. A ƙare da ɗinkin rufi. Kowane hawa sai an share shi sarai kafin na gaba.

Ranar jarrabawa

Mai duba aiki da ido ya ke farawa, ciki da waje. Zaizayar gefen ɗinki, ko ramuka, ko tabon da aka kyasta sanda a jikin bututu wajen ɗinki, suna iya sa a sallami mutum tun a nan. In an wuce, ko dai a ɗauki hoton eksire, irin wanda a ke ɗaukar ƙashi a asibiti, ko a yanka ɗinkin. A jarrabawar 5G da 6G ta ASME yanka huɗu a ke fitarwa daga wuraren da ƙa'ida ta ƙayyade, ba inda mai walda ya ke so ba. A sa kowanne cikin matsi a lanƙwasa shi kamar ƙarfen ƙafar doki, biyu ta fuska biyu ta ciki, ko duka ta gefe in bututun mai kauri ne. In wata tsaga ta buɗe fiye da milimita 3, an faɗi. Ba a roƙo a wannan wuri, wasiƙar babban mutum kuma ba ta hana ƙarfe tsagewa.

Abin da ya shafi ofishin hakimi

In uba ya zo, tambayoyi kaɗan sun isa. Yaron ya taɓa yin ɗinkin ciki a bututu? Da wace sanda? A wane zama? An taɓa yanka aikinsa aka lanƙwasa? In amsa babu ce, shawarar da ta fi ita ce ya fara da jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ke da ofishi a Gusau, ya kuma nemi wurin da a ke da injin DC da malamin da ya taɓa cin jarrabawar bututu. Gwajin lanƙwasa ba ya bukatar kayan Turai. Maƙerin gari zai iya haɗa matsinsa da jak na mota, yara su riƙa ganin aibin hannunsu tun a gida.

A yi hattara da masu yawo suna karɓar kuɗi da alkawarin takardar walda ba tare da an riƙe sanda ba. Irin wannan takarda ran farko ta ke tonuwa a bakin aiki, sunan garin yaron kuma ya ɓaci tare da nasa. Hakimi ya shaidi asalin yaro da halinsa, wanda ya sani. Kada ya sa hannu a kan gwanintar da bai ga an gwada ba.

Ya kamata kuma a ja kunnen iyayen gidan walda na gari a kan lafiyar yara. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya kare ido daga hasken walda. Sai garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 zuwa 12. Hayaƙin farin bututun ruwa mai rufin zinki ya kan sa zazzaɓi, a yi aikinsa a sarari. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, ko ya yi wata a bushe, tururin man na iya kasancewa ciki, ya fashe da zarar wuta ta taɓa shi.

Malamin hakimi ya buɗe shafi a littafinsa domin masu wannan sana'a: sunan mutum da unguwarsa, hukumar da ta ba shi takarda, matakinsa, zaman bututun da ya ci, da ranar da ya ci. Ranar tana da muhimmanci, domin a ƙa'idar ASME wanda ya yi wata 6 bai yi irin wannan walda ba, shaidarsa ta faɗi sai ya sake gwaji. Wanda ya dawo gida noman damina, a tuna masa da lissafin watannin kafin kaka.